Zaɓi tsakanin mataimakan aikatau da mahaɗai a nahawun Ingilishi: abin da Hausa da Faransanci ke nuna mana

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun Ingilishi a lise ko a shekarar farko ta jami'a a ƙasar nan ya san irin wannan jimla:

(1) *When the rain will come, we will sow millet.

Alamar tauraro tana nufin daidaitaccen Ingilishi bai karɓi jimlar ba. Malami yakan ja layi ƙarƙashin «will» na farko, ɗalibi ya goge shi, bayan mako biyu ya sake rubuta shi a wata jimla. A ganinmu abin da ke kawo haka shi ne an ba ɗalibi doka ba a ba shi dalilinta ba. An ce masa kada ya sa «will» bayan «when» ko «if», sa'an nan ya buɗe littafi ya tarar da Bature ya rubuta «if it will help you». Daga nan sai ya daina amincewa da dokar, ya koma ga abin da kunnensa ya saba da shi, wato Faransanci.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Ana fara koyon Ingilishi tun ajin farko na koleji, kuma da yawa daga cikin ɗalibban da muke horarwa su ne za su tsaya gaban allo gobe. Kuskuren da malami ya fita da shi daga jami'a, aji guda yake gadar wa kowace shekara. Bugu da ƙari, kundin sabunta ƙasa na shekarar 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harsunan nan uku sun haɗu ke nan a takarda guda, kamar yadda suka daɗe da haɗuwa a kan ɗalibinmu.

Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala abu ɗaya ne. A Ingilishi, mahaɗi da mataimakin aikatau raba aiki suke yi a tsakaninsu. Wani lokaci mahaɗi ya ɗauke nauyin ma'ana, mataimaki ya janye. Wani lokaci mataimaki ya tsaya a gurbin mahaɗi. Wani lokaci kuma mahaɗi ba ya cika ma'anarsa sai ya kira mataimaki. Wanda ya gane wannan rabon aiki ba ya bukatar haddar dokoki goma. Za mu kuma nuna cewa a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, ko da yake ta hanyar Faransanci aka saba koyar da shi. Muna cewa «Ingilishi» a ko'ina, domin a bakin mutanenmu «Turanci» yana iya nufin Faransanci.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Da «mataimakan hali» muke nufin ƙananan aikatau da ke zuwa gaban babban aikatau domin su nuna matsayin mai magana game da aikin: ko mai yiwuwa ne, ko dole ne, ko an yarda, ko ana hasashensa. Quirk da abokan aikinsa, a babban nahawunsu na 1985, sun lissafta guda 9 a matsayin na asali: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Siffofinsu sanannu ne. Ba su ɗaukar ɗafa-ƙeyar «-s» tare da mutum na uku tilo. Ba su bukatar «do» wajen tambaya ko korewa. Aikatau da ke bin su tsurarsa yake zuwa ba tare da «to» ba. Kuma biyu ba su jeruwa a daidaitaccen harshe. Siffa ta ƙarshe ita ce ke kayar da ɗalibinmu ta fuska biyu, domin Hausa tana cewa «zai iya», Faransanci yana cewa «il pourra», sai ya rubuta «he will can» a maimakon «he will be able to». Ana jin jerin mataimaka biyu kamar «might could» a Sikotilan da kudancin Amurka, amma karin harshe ne, ba a karɓarsa a rubutu.

Ya kamata mu lura tun yanzu cewa «will» ba ɗafin lokaci ba ne irin «-ra» na «viendra». Asalinsa aikatau ne, «willan» na tsohon Ingilishi, mai ma'anar so ko nufi, kamar yadda asalin «shall» ke nufin bashi ko wajibi. Saboda haka ne Huddleston da Pullum, a nahawunsu na 2002, suka ce Ingilishi ba shi da lokaci mai zuwa a matsayin lokacin nahawu: «will» mataimakin hali ne kamar sauran, aikinsa hasashe ko nufi.

Da «mahaɗi» muke nufin kalmar da ke buɗe ganga dogarau ta ɗaure ta ga babbar ganga: if, when, unless, until, before, as soon as, so that, in case, although da makamantansu. Ga lokutan Hausa kuwa, za mu bi sunayen da aka saba: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, kamar «sun zo», na biyu, kamar «suka zo», lokaci mai zuwa, kamar «za su zo», da umartau, kamar «su zo».

3. Inda mahaɗi ke ɗauke nauyi

Mu jera harsunan uku:

(2) When the farmers return, we will share the seed.
(3) Quand les paysans reviendront, nous partagerons les semences.
(4) In manoma sun dawo, za mu raba iri.

Faransanci ya sa «futur» a gangunan biyu. Haka yake yi bayan «lorsque», «dès que» da «aussitôt que». Ingilishi ya sa siffar lokacin yanzu a ganga dogarau, ya bar «will» a babbar ganga kaɗai. Hausa kuwa shuɗaɗɗen lokaci ta sa, alhali manoman ba su dawo ba tukuna, ta bar «za» a babbar ganga kaɗai. Jimla ta (1) kwafin tsarin (3) ce, kalma da kalma.

Dalilin abin da Ingilishi da Hausa suka yi ɗaya ne. Mai magana a (2) da (4) ba hasashen dawowar manoma yake yi ba. Ya ɗauki dawowar ya kafa ta kamar turke, ya ɗaure rabon iri a jikinta. Hasashen yana kan rabon iri. Tun da aikin «will» hasashe ne, ba shi da abin yi a gangar da ba a hasashe a cikinta. Mahaɗi ya riga ya gaya wa mai sauraro cewa abin bai auku ba. Wannan ya shafi dukan mahaɗan lokaci da na sharaɗi:

(5) We will wait until they finish. Za mu jira har sai sun gama.
(6) As soon as they arrive, call me. Da zarar sun iso, ka kira ni.
(7) Close the gate before they come. Rufe ƙofa kamin su zo.
(8) If they agree, we will start on Monday. In sun yarda, za mu fara ran Litinin.

A (7) Hausa ta koma umartau, Faransanci ma zai koma «subjonctif» bayan «avant que», amma abin lura shi ne babu «za» a ko ɗaya daga cikin gangunan dogarau huɗu. A (8) Faransanci ya dawo layi ɗaya da sauran, domin «si» na sharaɗi ba ya karɓar «futur». Shi ya sa kuskuren ya fi fitowa bayan «when» da «as soon as» a kan bayan «if».

Akwai wurin da Hausa ba ta taimaka ba. «In» da «idan» suna ɗaukar abin da babu shakka zai auku da abin da ake shakkarsa duka. Muna cewa «in rana ta faɗi za mu tashi», muna cewa «in mota ta zo za mu tashi», da mahaɗi guda. Ingilishi yana tilasta zaɓi: «when» ga abin da mai magana ya ɗauka tabbas ne, «if» ga abin da ya bari a buɗe. Ɗalibin da ya rubuta «if the sun sets» ya sa shakka a faɗuwar rana. A nan bambancin «quand» da «si» shi ne jagora.

Game da «unless», littattafai da yawa suna cewa daidai yake da «if not». Ba koyaushe ba ne. Ma'anarsa togiya ce, wato «sai in»:

(9) We will not start unless they pay. Ba za mu fara ba sai in sun biya.
(10) I will be surprised if they do not come. Zan yi mamaki in ba su zo ba.

A (10) rashin zuwan ne ke haifar da mamaki, don haka «unless» ba ya shiga. Mai jin Hausa ba ya bukatar a bayyana masa: ya gwada «zan yi mamaki sai in sun zo», ya ji ba abin da ake nufi ba ne.

4. Inda «will» ke komowa bayan «if» da «when»

Yanzu mu koma ga abin da ya rikita ɗalibinmu. Dubi waɗannan jimloli biyu:

(11) If the medicine helps him, I will buy more.
(12) If the medicine will help him, I will buy it.

Dukansu daidai ne, amma jerin aukuwa ya bambanta. A (11) amfanin magani ne zai fara bayyana, saye ya biyo baya. A (12) saye ne zai fara, amfani ya biyo. Sharaɗin da aka kafa shi ne a tabbatar yanzu cewa maganin zai yi amfani gaba. Wato a (12) hasashe ne da kansa aka mayar sharaɗi, shi ya sa «will» ya sami wurin zama. Hausa tana yin wannan bambanci da kayan aiki iri ɗaya:

(13) In maganin ya yi masa amfani, zan ƙara saye.
(14) In maganin zai yi masa amfani, zan saya.

Faransanci ba shi da wannan hanya kai tsaye. Tun da «si» ya hana «futur», sai an kewaya ta «pouvoir» ko «devoir»: «si ce médicament peut l'aider». Malamin da ya tsaya ga Faransanci kaɗai zai sha wahalar bayanin (12), alhali (14) tana bakin ɗalibinsa tun yana yaro.

Hanya ta biyu ita ce inda «will» ya koma ma'anarsa ta asali, wato yarda ko nufi:

(15) If you will sign here, I will bring the key. In ka yarda ka sa hannu a nan, zan kawo makulli.
(16) If you would sign here, I would be grateful.

Wannan salon ladabi ne na ofis da na wasiƙa, kuma (16) ta fi (15) taushi. Faransanci yana cewa «si vous voulez bien signer», wanda ya fito da ma'anar so a fili.

Hanya ta uku ita ce mafi yawa a rubutu. Akwai «if» biyu a Ingilishi, na sharaɗi da na tambaya, kuma Huddleston da Pullum har aji daban suka ba kowanne. Na tambaya yana karɓar «will» ba tare da wata matsala ba:

(17) I do not know if they will come. Ban san ko za su zo ba.

Faransanci yana da «si» guda ga ayyukan biyu, kamar Ingilishi, don haka ba ya rarrabe wa ɗalibi komi da siffar kalma. Hausa kuwa kalmomi biyu gare ta. Gwajin mai sauƙi ne: in «if» ya fassaru da «ko», ganga ta tambaya ce, ana iya sa «whether» a gurbinsa, kuma «will» ya halatta. In ya fassaru da «in» tare da shuɗaɗɗen lokaci, sharaɗi ne, «will» ya fita. Haka abin yake ga «when»:

(18) Tell me when they will arrive. Faɗa mini yaushe za su iso.
(19) Tell me when they arrive. In sun iso ka faɗa mini.

Mai (18) yana son amsa yanzu. Mai (19), a fassararta da aka fi yi, yana son a sanar da shi daga baya. Malamin da ya goge «will» a (18) da sunan doka ya sauya wa ɗalibi saƙonsa.

5. Sharaɗin da aka nesanta

Ingilishi yana bambanta sharaɗi buɗaɗɗe, wanda mai magana bai ce komi ba game da cikarsa, da sharaɗi nesantacce, wanda yake ganin da wuya ya cika ko ma bai cika ba:

(20) If they come, we will leave.
(21) If they came, we would leave.
(22) If they had come, we would have left.

A (21) «came» siffar shuɗewa ce, amma ba jiya ake magana ba. Nisan da ke tsakanin yanzu da da aka ara domin a nuna nisan da ke tsakanin zance da gaskiya. Rabon aiki a nan a fili yake: ganga mai «if» tana nuna nesantawa da siffar aikatau, babbar ganga kuwa dole ta ƙunshi mataimakin hali a siffarsa ta shuɗewa, wato would, could, might ko should. Ba a musayar wurare.

Faransanci jagora ne mai kyau a wannan sashe, domin matakansa uku sun yi daidai da na Ingilishi: «s'ils viennent», «s'ils venaient», «s'ils étaient venus», da «conditionnel» a babbar ganga ta biyu da ta uku. Duk wanda aka taɓa yi wa gyara a kan «si j'aurais su» a firamare ya san dalilin da ya sa ba a rubuta «if I would have known». Ana jin wannan siffa a hirar yau da kullum, musamman a Amurka, kamar yadda ake jin takwararta a Faransancin titi, amma rubutun ilimi bai karɓe ta ba.

Hausa kuwa wata hanya ta bi. Mahaɗi ne ke ɗauke nauyin nesantawa, kuma sau biyu yake zuwa:

(23) Da sun zo, da mun tafi.
(24) Da ina da kuɗi, da na sayi littafin.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, gangunan biyu na (23) kama ɗaya suke, «da» da shuɗaɗɗen lokaci a kowace, don haka ɗalibi yakan so ya daidaita gangunan Ingilishi su ma: ko ya sa «would» a duka biyu, ko ya cire shi a duka biyu. Na biyu, (24) ba ta faɗi ko rashin kuɗin na yau ne ko na bara ba. Mahallin zance ne ke faɗa. Ingilishi kuwa sai an zaɓa tsakanin «if I had money, I would buy the book» da «if I had had money, I would have bought the book».

Ya kamata kuma mu gargaɗi ɗalibbanmu game da lissafin «sharaɗi na 1, na 2, na 3» da littattafan koleji ke bayarwa. Tsani ne na koyo, ba iyakar harshe ba. Kowace ganga tana zaɓen lokacinta:

(25) If you had taken the medicine, you would be well now.

Sharaɗin na jiya ne, sakamakon na yau, kuma jimlar lafiyayya ce ko da yake ba ta shiga ko ɗaya daga cikin gidajen uku ba.

6. Inda mataimaki ke tsayawa a gurbin mahaɗi

A rubutun hukuma da na ilimi, Ingilishi yana iya jefar da «if» ɗungum, ya kawo mataimaki gaban aikau:

(26) Should you need help, call the office.
(27) Were they to refuse, we would go alone.
(28) Had we known, we would have waited.

Kalmomi uku ne ke yin wannan aiki a harshen yau: should, were, had. A cikinsu «should» ne kaɗai mataimakin hali. Jerin kalmomin irin na tambaya ne, amma babu tambaya. Juyin da kansa ne ya zama alamar sharaɗi. Korewa ba ta gajarta a nan: ana cewa «had we not known», ba a cewa «hadn't we known».

Jimla ta (26) tana da tarko. Ɗalibi ya koyi «should» da ma'anar «ya kamata», sai ya karanta ta kamar umarni. Wannan «should» ba shi da alaƙa da wajibi. Aikinsa ya nuna cewa abin ba a sa ran aukuwarsa ba sosai, kamar «si jamais» a Faransanci, ko «in ta kama» a Hausa: in ta kama kana bukatar taimako, ka kira ofis. Shi ya sa babbar gangarsa ke iya zama umarni ko ta ɗauki «will», abin da (27) da (28) ba su yi.

Masu karanta takardun gwamnati sun san takwarar (28) a Faransanci:

(29) Had it not been for the rain, we would have arrived early.
(30) N'eût été la pluie, nous serions arrivés tôt.
(31) Ba don ruwa ba, da mun iso da wuri.

A harsunan uku, an kafa sharaɗi ba tare da «if», «si» ko «in» ba. Bambancin yana ga matsayin magana: (31) ta kowa da kowa ce a kasuwa da gida, (29) da (30) kuwa sun fi zama a rubutu.

Wani wurin da mataimaki ke karɓar aikin mahaɗi shi ne sassauci:

(32) Although he is young, he knows his work.
(33) He may be young, but he knows his work.

A (33) «may» ba shakka yake nunawa ba. Mai magana ya san mutumin yaro ne. Ya amince da haka ne domin ya wuce zuwa ga abin da ya fi muhimmanci, kamar «il a beau être jeune». Zaɓi biyu ne ke gaban marubuci: «although» shi kaɗai, ko «may» tare da «but». Hausa takan haɗa biyun, «ko da yake yaro ne, amma ya san aikinsa», kuma daga nan ne «although … but» ke shiga takardun ɗalibbanmu. Daidaitaccen Ingilishi ba ya karɓar wannan ninki.

7. Inda mahaɗi ke kiran mataimaki

Sashe na 3 ya nuna mahaɗan da ke korar mataimaki. Akwai kuma waɗanda ma'anarsu ta dogara gare shi:

(34) He spoke slowly so that they could understand. Ya yi magana sannu domin su gane.
(35) He spoke slowly, so that they understood. Ya yi magana sannu, har suka gane.

Mahaɗin Ingilishi bai sauya ba. Kasancewar «could» ita ce ta sa (34) ta zama manufa, wadda ba a ce ta cika ba. Rashinsa ya sa (35) ta zama sakamako da ya auku. Hausa ta sauya mahaɗi da lokaci duka: «domin» da umartau, «har» da shuɗaɗɗe na biyu. Faransanci ya riƙe «de sorte que», ya zaɓa tsakanin «subjonctif» da «indicatif». Darasin da ke nan ya wuce wannan misali: sau da yawa aikin da umartau ke yi a Hausa, da wanda «subjonctif» ke yi a Faransanci, mataimakin hali ne ke yin sa a Ingilishi.

«In case» yana nuna riga-kafi, kuma yana ɗaukar siffar yanzu ko «should»:

(36) Take water in case the car breaks down.
(37) Take water in case the car should break down.

Tun da «au cas où» yana jan «conditionnel», ɗalibi yakan rubuta «in case the car would break down», wanda ba daidai ba ne. A lura kuma cewa a (36) ɗaukar ruwa tana gaba da lalacewar mota. Da an sa «if» da ma'anar ta zama a jira mota ta lalace sa'an nan a nemi ruwa. «Lest», wanda ya yi daidai da «don kada», ya tsufa a magana. Inda ya fito a rubutu, «should» ko tsurar aikatau ke bin sa.

A ƙarshe akwai ganga mai «that» bayan aikatau na shawara, buƙata ko umarni:

(38) The committee recommends that he should repeat the year.
(39) The committee recommends that he repeat the year.

Hausa za ta sa umartau: kwamiti ya ba da shawara ya maimaita aji. An daɗe ana danganta (38) da Ingila, (39) da Amurka. Leech da abokan aikinsa, a littafinsu na 2009, sun kwatanta taskokin rubutu na 1961 da na farkon shekarun 1990, kowace mai kalmomi kusan miliyan 1, daga ƙasashen biyu. Sun tarar da siffar (39) tana ƙaruwa a rubutun Ingila, kuma amfani da mataimakan hali gaba ɗaya ya ragu, musamman shall da must. Saboda haka mai gyaran takarda bai kamata ya ƙara «-s» ga «repeat» a (39) ba, bai kamata kuma ya tilasta «should» ba.

8. Kammalawa

Lado, a 1957, ya ɗauka cewa kwatanta harshen ɗalibi da harshen da yake koyo zai nuna wuraren wahala tun kamin a shiga aji. Corder, a 1967, ya ƙara da cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa. Ɗalibinmu harsuna biyu aƙalla yake shigowa da su, kuma mun ga ba wuri ɗaya suke jan sa ba. Faransanci yana ɓatar da shi bayan «when», «as soon as» da «in case», yana shiryar da shi wajen zaɓi tsakanin «if» da «when» da kuma matakan sharaɗi nesantacce. Hausa tana shiryar da shi wajen rashin «will» a gangar lokaci, wajen bambancin (11) da (12), wajen «if» na tambaya da «unless», tana ɓatar da shi wajen «although … but» da daidaita gangunan sharaɗi. Ba kowane kuskure ne ke da tushe a wani harshe ba. Ma'ana da kanta tana tura mai koyo ya sa alamar lokaci mai zuwa duk inda abu bai auku ba. Amma sanin tushen waɗanda ke da tushe yana rage wa malami aiki.

Shawararmu ga abokan aiki ita ce a daina koyar da «babu will bayan if» a matsayin doka tsura. A maimakon haka, kamin ɗalibi ya zaɓi siffa, a sa shi ya faɗi gangar da Hausa ya saurari kansa: «in sun» ya ce, ko «in za su», ko «ko za su», ko «da sun»? Siffofin nan huɗu suna kai shi ga siffofi huɗu na Ingilishi, kuma minti biyu sun isa a gwada su a allo. A ajin da ke da masu Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak ko Barbarci a matsayin harshen gida, irin wannan kwatanci yana jiran wanda zai yi shi ga kowane harshe. Ɗalibban da ke neman batun kundin bincike za su iya farawa daga takardun jarrabawa na lise guda: su tattara gangunan sharaɗi da na lokaci, su rarraba kurakuran bisa sassan da muka bi a nan, su duba ko harshen gida yana sauya yawansu.